Hagi ya iya taka leda, amma ya iya koci kuwa?

Abba_Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana kan Gheorghe Hagi na Romaniya, kuma na san ba kowa ne zai ji daɗinta ba. A matsayin ɗan wasa babu gardama, lamba goma ne na gaske. Ya buga wa Real Madrid, ya buga wa Barcelona, a Galatasaray kuwa har gobe sarki ne. Amma tun da ya rataye takalma ya koma koci, ni dai ban ga abin da ya tsinana ba. A 2001 aka damƙa masa tawagar ƙasarsa, Sulobeniya ta hana su zuwa kofin duniya na 2002. Ya je Bursaspor ta Turkiyya a 2003, bai shekara ba. Timisoara ta Romaniya, bai shekara ba. Steaua ta Bukarest a 2007, 'yan watanni ya yi ya ajiye aiki. Galatasaray ta ɗauke shi sau biyu, sau biyun ba a daɗe ba aka raba gari. Sai da ya buɗe kulob nasa na kansa, inda babu mai ikon korarsa, sannan ya samu wurin zama. To don Allah, wannan shi ake kira babban koci? Ko dai sunan da ya yi a fili ne ke rufa masa asiri?

Sani_Madrid: Wa alaikumus salam. Ni ina bayanka. Irin su Maradona ne, ƙafa ta iya, kai bai iya tsara mutum goma sha ɗaya ba.

Malam_Habu_Zariya: Abba, ka kawo rabin labari ka ɓoye rabi. Ka ce Galatasaray sau biyu ba a daɗe ba, gaskiya ne, amma ba ka faɗa wa mutane cewa a zuwansa na farko ya ɗauki kofin ƙalubale na Turkiyya a 2005 ba. Kuma wa ya doke a wasan ƙarshe? Fenerbahce, da ci 5 da 1. Wanda ya san gabar da ke tsakanin kulob ɗin nan biyu a Istanbul ya san abin da wannan ke nufi. Ribery yana matashi a lokacin, shi ya buɗe da cin farko, Hakan Sukur ya zuba uku.

Sannan kulob ɗin da kake rainawa. A 2009 ya kafa Viitorul tare da makarantar horar da yara a kusa da birnin Constanta, yankin da aka haife shi. Daga rukuni na uku suka faro. A 2012 sun shigo babban rukuni. Ya karɓi aikin koci da kansa a 2014, a 2017 ya ɗauki lig ɗin Romaniya, a 2019 ya ɗauki kofin ƙalubale. A 2021 aka haɗe kulob ɗin da Farul, inda shi kansa ya fara wasa yana yaro, a 2023 ya sake ɗaukar lig. Farul ta haura shekara ɗari da kafuwa, ba ta taɓa ɗaga wannan kofin ba sai a hannunsa. Idan wannan bai tsinana komai ba, to ban san me ake nema ba.

Abba_Fagge: Malam Habu, lig ɗin Romaniya fa kake ta lissafo min. Wa yake kallonsa? Ka taɓa shiga gidan kallo ka tarar an saka shi?

Malam_Habu_Zariya: Rashin kallonka ba ya rage wa kofi nauyi. Akwai FCSB (wadda a da ake kira Steaua) da CFR Cluj a wurin, masu kuɗin sayen manyan 'yan wasa, shi kuwa da yaran da ya raina ya wuce su.

Baba_Ɗanjuma: Yara, ku bar ni in ɗan sa baki, don da yawanku a waya kuka san Hagi, mu kuwa da idonmu muka gan shi a lokacinsa. A 1994 ina aiki a Kaduna. Wasan Romaniya da Kolombiya na kofin duniya tsakar dare ya kama a agogonmu. Maƙwabcinmu ya fito da talabijin ƙofar gida ya ɗora a kan benci, aka jona da batirin mota, mu wajen ashirin a kan tabarmi, mai shayi ma ya ƙi tashi. Kowa Kolombiya yake yi, saboda shekara ɗaya kafin nan sun je har gidan Ajantina sun zuba mata biyar babu ko ɗaya, ga Valderrama ga Asprilla. Kawai sai wannan gajeren bahagon ya karɓi ƙwallo can gefen hagu, dab da layi, nesa da raga sosai. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya hango gola ya ɗan fito, ya ɗaga masa ita ta bisa kai. Wallahi rabinmu mun ɗauka kuros ya yi ya kuskure. Sai da aka maimaita muka ga ai da gangan ne. Wasan ya tashi 3 da 1, sauran biyun Raducioiu ya ci, kuma duk daga ƙafar Hagi suka fito.

Maganar koci kuwa, ni abin da na lura da shi tun yana wasa shi ne zafin zuciya. Kullum yana faɗa da alƙalin wasa, yana faɗa da abokan wasansa in ba su ba shi ƙwallo yadda yake so ba. Mai irin wannan hali zama a ƙarƙashin wani yana masa wuya.

Ɗan_Arsenal_Jos: Baba ka faɗi gaskiya kan zafin zuciya. Wasan ƙarshe na kofin UEFA a 2000 a Kofanhagen, tsakanin Galatasaray da Arsenal, jan kati aka ba shi a ƙarin lokaci saboda ya kai wa Tony Adams hannu. Da mutum goma suka ƙarasa, kuma duk da haka suka cinye mu a fenariti. Suker ya ɓarar, Vieira ya ɓarar, Popescu ya buga na ƙarshe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ga Kanu a tawagar, muna ta murna zai ɗaga kofi.

Sani_Madrid: Ku dama kun saba, ɗan Arsenal. Ka yi haƙuri.

Ɗan_Arsenal_Jos: Kai ma kar ka yi baki. Wata uku bayan nan Galatasaray ɗin ta doke Madrid ɗinku 2 da 1 a Super Cup, Jardel ya ci duka biyun, kuma Hagi yana cikin fili.

Hamidou_Garoua: Ina gaishe ku daga Kamaru. Mu a nan in aka ce Romaniya, kofin duniya na 1990 muke tunawa. Bayan mun doke Ajantina a wasan buɗe gasa, su muka tarar a Bari. Roger Milla ya taso daga benci yana da shekara 38 ya ci biyu, ya tafi tutar kwana ya yi rawarsa. 2 da 1 aka tashi. Hagi yana fili a ranar, kuma bayan wannan gasar ce Real Madrid ta saye shi. Mahaifina har ya rasu yana cewa mun doke Maradona biyu a mako ɗaya, na Ajantina da na Romaniya.

Baba_Ɗanjuma: Allah ya jiƙan mahaifinka, Hamidou. Ya iya magana.

Nura_Kofar_Mata: Amin. Amma ni ina ganin ana zuzuta abin da suka yi a 1994. Sun doke Ajantina 3 da 2 ne saboda Maradona ya ji rauni bai buga ba.

Malam_Habu_Zariya: Ba rauni ba ne, Nura. Dakatar da shi aka yi. Bayan wasansu da Najeriya, wanda Siasia ya fara ci Caniggia ya rama biyu, aka ɗauke shi gwajin ƙwayoyi aka samu abin da aka haramta a jikinsa. Wannan wasan da mu shi ne na ƙarshe da ya buga wa ƙasarsa. Amma ko babu shi, akwai Batistuta, Redondo, Simeone, Ortega, Balbo. Ba ƙaramar tawaga ba ce. Dumitrescu ya ci biyu, Hagi ya ci na uku. Siwidin ce ta tsayar da su a zagayen 'yan takwas, a fenariti, bayan an tashi 2 da 2.

Ummi_Tarauni: Kun ga matsalarku ke nan, an yi tambaya kan koci kun koma 1994. Kowa ya yarda ya iya ƙwallo, ba shi Abba ya tambaya ba.

Ni ina ganin Abba ya taɓo wani abu mai muhimmanci ba tare da ya bi shi zuwa ƙarshe ba. Ya ce sai da Hagi ya buɗe kulob nasa sannan ya zauna. To ai nan ne labarin yake. Mutumin da zai iya kwanciya ya ci kuɗinsa, ko ya riƙa zuwa ƙasashen Larabawa yana karɓar albashi mai tsoka da sunansa kaɗai, ya kwashi dukiyarsa ya zuba a filayen atisaye da ɗakunan kwanan yara. Ya jira shekara takwas kafin ya ga kofin farko. Ku duba gasar 'yan ƙasa da shekara 21 ta Turai a 2019: Romaniya ta doke Kuroshiya 4 da 1, ta doke Ingila 4 da 2, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Jamus ta fitar da ita. A wasan Ingila, Florinel Coman ya ci biyu, Ianis Hagi ya ci ɗaya, kuma dukansu daga makarantarsa suka fito. Razvan Marin da Ajax ta saya a 2019 shi ma yaronsa ne. Ƙasar da makarantun ƙwallonta suka lalace bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu, mutum ɗaya ya tsaya ya sake ɗora tubali.

Abba_Fagge: Hajiya Ummi, na yarda da duk wannan, amma abin da kika lissafa aikin mai kulob ne da mai makaranta. Ni koci nake magana, wanda zai tsara wasa ranar Asabar ya ci. Mu bambanta su.

Alhaji_Kwari: Ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗa muku yadda na fahimci abin. Akwai yaron shago da in ka ajiye shi a ƙarƙashinka kullum rigima, ya fi ka sanin kaya, ba ya son ka ce masa ga farashin da zai sayar. Ka sallame shi ya tafi wani shagon, nan ma haka. Sai ranar da ya buɗe nasa, ka ga ya bunƙasa. Ba ciniki ne bai iya ba tun farko, umarni ne ba ya iya ɗauka. Hagi ke nan.

Bashir_Istanbul: Alhaji ya kusa da gaskiya, musamman kan abin da ya faru a Steaua. Mai kulob ɗin, Gigi Becali, kowa a Romaniya ya san shi da tsoma baki a aikin koci, ya fito talabijin ya faɗi wanda zai buga da wanda zai zauna a benci. Hagi ya kai su matakin rukuni na gasar zakarun Turai a 2007, suka yi rashin nasara a wasan farko a hannun Slavia Prague, ya ajiye aiki yana kukan katsalandan. Kuma ba shi kaɗai ba ne, koci nawa suka bar wurin saboda wannan dalilin. Saboda haka ɗora masa laifin Steaua akwai rashin adalci.

Amma zuwansa Galatasaray na biyu, a 2010 bayan an sallami Rijkaard, wannan kam ba shi da abin faɗa. Ƙungiyar ta yi ta shan kashi, kafin kakar ta ƙare ya tafi. Ina karatu a nan, kuma abin da na lura shi ne magoya bayansu ba sa son a tayar da wannan zancen. Akwai wani dattijo mai sayar da shayi kusa da masaukinmu, hoton Hagi ne manne a jikin bangon shagonsa, ya koɗe saboda tururi. In ka tambaye shi Hagi ɗan wasa, sai ya ajiye buta ya ba ka labarin lig huɗu a jere daga 1997 zuwa 2000. In ka ce Hagi koci fa, sai ya ce shayinka zai huce.

Sani_Madrid: Hahaha, dattijon ya iya kauce wa tambaya.

Issoufou_Zinder: Ni abin da ke ba ni mamaki, in ana zancen ɗan Romaniya da ya yi wasa ya koma koci, me ya sa za a tsaya kan Hagi a bar Mircea Lucescu? Shi ne kyaftin ɗinsu a kofin duniya na 1970 a Meziko. Ya kai ƙasarsa gasar Turai ta 1984, a rukunin da Italiya mai riƙe da kofin duniya take. Ya ɗauki lig da Dinamo da Rapid a gida, ya ɗauka da Galatasaray a 2002, shekarar da ta biyo ya koma Besiktas ya sake ɗauka. Shekara goma sha biyu a Shakhtar Donetsk, lig takwas, ga kofin UEFA na 2009 da suka doke Werder Bremen. Willian, Fernandinho, Douglas Costa, duk ta hannunsa suka bi kafin manyan kulob su saye su. Bayan haka ya je Dynamo Kyiv, abokan gabar Shakhtar, magoya baya suna zanga-zangar ba sa son sa, ya ɗaukar musu lig a 2021. Wannan shi ne koci. In an ajiye Hagi kusa da shi, Abba yana da gaskiya.

Malam_Habu_Zariya: Issoufou, babu mai musun Lucescu ya fi shi. Amma in ma'aunin shi ne sai ka kai Lucescu, to koci nawa ne za su tsira a duniya? Kuma kar ka manta Lucescu ne ya ɗauko Hagi daga Madrid ya kai shi Brescia a 1992. Suka faɗa rukuni na biyu tare, Hagi ya zauna bai gudu ba, suka dawo. Wato lokacin da Baba Ɗanjuma yake kallonsa yana wulaƙanta Kolombiya, daga rukuni na biyu na Italiya ya taho. Super Cup ɗin da ɗan Arsenal ya ambata ma, Lucescu ne a benci.

Kabiru_Pillars: Lucescu ba shi ne suka yi rigima da Taribo West a Inter ba?

Issoufou_Zinder: Shi ne. Ya canza shi a wani wasa, Taribo ya cire riga ya jefar wajen benci. Bai daɗe a Inter ba, ƙarshen 1998 ya zo, Maris na 1999 ya tafi. Amma da Aghahowa sun zauna lafiya a Shakhtar. A 2006 da suka yi kunnen doki da Dynamo a maki aka buga wasan raba gardama, Aghahowa ne ya ci ƙwallon da ta ba su kofi a ƙarin lokaci.

Kabiru_Pillars: Allah sarki Aghahowa, mai tsalle-tsalle.

Nura_Kofar_Mata: Mu dawo kan Hagi. Akwai abin da ba wanda ya faɗa: ya sa ɗansa Ianis a babbar ƙungiya yana ɗan shekara 16, har ya ɗaura masa kambun kyaftin. Da a nan wani koci ya yi haka, da kun cika ko'ina da cewa son kai ne.

Ummi_Tarauni: Da yaron bai iya ba sai a ce son kai. Fiorentina ta saye shi, Genk ta saye shi, ya je Rangers ya ɗauki lig ɗin Sukotlan a 2021 a ƙarƙashin Gerrard, tare da su Aribo da Balogun da Bassey. Gerrard ba kawunsa ba ne.

Nura_Kofar_Mata: Ya iya daidai gwargwado, amma ko rabin uban bai kai ba. Kuma kambun kyaftin a wannan shekarun, ko me za ki ce, sunan gida ne ya ba shi.

Koci_Lawal: Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a filin makarantar firamare ta unguwarmu, ba ni da wata shahada babba, amma na ga abin da ya sa nake kallon maganar nan ta wata fuska.

Akwai wani tsohon ɗan wasa da ya taɓa buga babban lig a ƙasar nan, ya zo taimaka mana. Mutumin kirki ne. Amma in ya nuna wa yaro yadda ake tare ƙwallo da ƙirji a juya, yaron ya kasa, sai ka ga ransa ya ɓaci da gaske. Ya sake nunawa, ya sake, daga nan sai tsawa. Shi a wurinsa abin ba ya buƙatar bayani, jikinsa ne ke yi tun yana ƙarami, bai taɓa zama ya rarraba shi daki-daki ba. Ni da ban taɓa iyawa sosai ba, na san inda yaron ke kuskure, don ni ma a nan nake kuskurewa. Bai yi wata biyu ba ya daina zuwa.

Shi ya sa abin da Hagi ya yi yake ba ni mamaki. A ƙa'ida irinsa ne bai kamata ya iya zama da yara ba. Mutumin da ya ci ƙwallo daga tsakiyar fili a Barcelona, ya tsaya yana koya wa ɗan shekara goma sha biyu yadda ake ba da fas da cikin ƙafa, shekara da shekaru. Ni ina ganin Hagin da ya karɓi Romaniya a 2001, 'yan watanni bayan ya daina wasa, bai taɓa horar da ko ƙungiyar unguwa ba, da Hagin 2017, ba mutum ɗaya ba ne. Na farkon an yi masa gaggawa, shi ma ya yi wa kansa. Na biyun ya koyi aikin. Abba yana yanke wa na biyun hukunci da laifin na farkon.

Kuma Abba, batun da ka yi cewa mai makaranta daban koci daban. A wurin mai kuɗi haka ne. A wurin wanda dole ya sayar da gwanin yaronsa duk shekara don ya biya albashi, abu ɗaya ne. Marin ya tafi Standard Liege a tsakiyar kakar da suka ɗauki lig, kuma duk da haka suka ɗauka. Wannan ba aikin ofis ba ne, aikin fili ne.

Baba_Ɗanjuma: Koci Lawal, Allah ya yi maka albarka. Ka ci gaba da haƙuri da yaran nan.

Abba_Fagge: Koci, maganarka ta shige ni, amma bari in kawo inda nake tsaye har yanzu. Gwajin koci shi ne ya fita waje. A 2017 bayan ya ɗauki lig, APOEL ta Saifurus ta fitar da shi a wasannin share fage na gasar zakarun Turai: ya ci 1 da nema a gida, aka je can aka zuba masa huɗu. A 2023 Sheriff ta Moldoba ta yi masa irin wannan, ya ci a gida, ya je waje ya zube. Ka kwatanta da Dan Petrescu, abokin wasansa na 1994, tsohon ɗan Chelsea. Ya ɗauki ƙaramar ƙungiya Unirea Urziceni ya ba ta lig a 2009, ya shiga rukunin zakarun Turai, ya je har gidan Rangers ya ci su 4 da 1. Bayan haka ya tara lig da CFR Cluj. Ko a cikin tsararsa ma Hagi ba shi ne na ɗaya ba.

Malam_Habu_Zariya: To Unirea ɗin tana ina yanzu? Shekara biyu bayan wannan lig ɗin ta ruguje, babu ita. Abin da Hagi ya gina yana nan yana fitar da yara.

Abba_Fagge: Rugujewarta laifin masu kulob ne, ba na Petrescu ba. Ka ga ka sake komawa kan mai kulob.

Bashir_Istanbul: Ku ƙara da Laszlo Boloni a lissafin. Yana cikin Steaua da ta ɗauki kofin zakarun Turai a 1986, ranar da golansu Duckadam ya tare fenariti huɗu na Barcelona. Shi ne kocin Romaniya da ya bar aiki a 2001 ya tafi Sporting, gurbinsa Hagi ya cike. A Sporting ɗin ya ɗauki lig, kuma shi ya fara saka Cristiano Ronaldo a babbar ƙungiya a 2002. Ƙasar nan tana fitar da masu horarwa fiye da yadda ake zato. Ga Chivu ma, wanda ya ɗauki kofi uku da Inter a 2010 da hular kariya a kansa, an ba shi kocin Inter ɗin a 2025.

Sani_Madrid: Ni har yanzu ina kan bakana, gwanin ɗan wasa ba ya zama gwanin koci.

Ummi_Tarauni: Kai da sunan Madrid a jikinka kake faɗin haka? Zidane fa, kofin zakarun Turai uku a jere?

Kabiru_Pillars: Ga Keshi ma, Allah ya jiƙan rai. Ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya ɗaga yana koci a 2013. Kuma shi ma da manyan ofis ya yi ta fama.

Sani_Madrid: Zidane an ba shi Ronaldo da Modric da Ramos. Ku ba shi Farul mu gani.

Malam_Habu_Zariya: Ka ga yanzu ka dawo ɓangarenmu ba ka sani ba. Hagi Farul ɗin aka ba shi, ko in ce ya ba kansa. Wasan da ya ba su kofi a Mayun 2023, FCSB ta fara cin su biyu tun farkon wasa, a gidan Farul, amma Farul ta farke ta ci 3 da 2. Wani ne ya sauya wannan wasan daga benci, kuma ba mai makaranta ba ne.

Issoufou_Zinder: Wasa ɗaya ba ya zama hujja, Malam. In haka ne ni ma sai in kawo wasan Sulobeniya.

Hamidou_Garoua: Tun da aka ambaci Sulobeniya, ku lura tun 1998 har zuwa gasar Ƙatar ta 2022 Romaniya ba ta sake zuwa kofin duniya ba. Koci nawa aka canza a tsakani, duk ba su kai ta ba. To ba Hagi kaɗai ne ya kasa ba, 'yan wasan ne suka ƙare bayan tsararsu.

Abba_Fagge: A 2001 ba su ƙare ba, Hamidou. Akwai Mutu, akwai Chivu, akwai Popescu, kuma shekara ɗaya kafin nan tawagar ta doke Ingila 3 da 2 a gasar Turai. Da wannan tawagar ya kasa wuce ƙasar da mutanenta miliyan biyu ne. Ni zan ba shi lambar yabo ta gina makaranta, zan ba shi ta lig biyu a gida. Amma in kulob ɗina na neman koci gobe, aka ajiye min shi da Petrescu, Petrescu zan ɗauka.

Koci_Lawal: In kulob ɗinka na da kuɗin sayen 'yan wasa, ɗauki Petrescu. In yara gare ka da fili kawai, ka sake tunani.

Nura_Kofar_Mata: Ku da kuke ta zaɓe, shi Hagin zai yarda ya zo ya yi aiki a ƙarƙashin Abba? Mako biyu za su yi ya ajiye masa makulli.